Hannuwan da Shagufta Ta Tara

Ni ne mutumin da ya tsaya a bakin lungunmu a nan Sialkot ya rantse gaban jama'a cewa 'yar Inayat mai shayi za ta kashe sana'ar garin nan. Gara in faɗa da bakina tun wani bai riga ni ba. Sunana Riasat Ali. Shekara arba'in da bakwai na yi ina washin almakashin tiyata, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya iya zama a rufe.

A gindin teburin ubanta Shagufta ta tashi. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara huɗu, Inayat ba shi da wanda zai bar wa ita, sai ya riƙa tahowa da ita wurin shayinsa, ya shimfiɗa mata buhu a ƙasa kusa da bahon wanke kofi. Daga can ba ta ganin fuskar kowa, hannuwa kawai take gani suna sauko mata da kofi. Kafin ta kai shekara bakwai ta san mutanen lungun kaf da hannunsu. Mukan gwada ta don nishaɗi. Mutum ya miƙa kofi bai ce uffan ba, sai ka ji 'yar murya daga ƙasa: "Chacha Mushtaq ne, yau ma ya ƙone." Chacha kawu ke nan a bakinmu. Ni kuwa "Ustad mai yatsa uku" take ce min, don da yatsu uku nake riƙe kofi tun ranar da dutsen washi ya sandarar min da biyun ƙarshe. Mu yi dariya mu koma bakin aiki, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

Da kuɗin shayi Inayat ya kai ta har kwaleji, ta kuma fito da sakamakon da 'ya'yan masu kamfani ba su samu ba. To, neman aiki a garinmu tambaya uku ce: ɗan wane ne kai, wane dangi ne naku, wa ya turo ka. Ofis goma sha tara ta shiga. Da ta ce 'yar Inayat mai shayi ce, sai a yi mata murmushi a ce za a kira ta. Daga baya wani kamfani ya ɗauke ta, ya zaunar da ita a ɗakin da ake tara takardun masu neman aiki. Shekara biyu tana kallon manaja ya duba hoto, ya duba sunan uba, ya wurga takarda cikin kwali. In kwalin ya cika a sayar wa masu suya a kilo.

Wata ranar Asabar ta sayi samosa a hanyar gida, ta warware takardar da aka naɗe mata, sai ga hoton Yusuf Masih, Kiristan nan mai goge ƙarfe, ya jiƙe da mai. Duk lungunmu an san ba a taɓa dawo wa Yusuf da aiki ba. Inayat ya ce ranar ko samosar ba ta ci ba. Ta shimfiɗa takardar a kan teburin shayi ta yi ta kallo, sati na zagayowa ta ajiye aikin.

Ɗakin da ke saman wurin shayin ta kama. Ta sa tebur, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta rataya fitila, ta ɗaure tsohuwar wayarta a jikin sanda tana kallon ƙasa. Sannan ta buɗe shafi a intanet. Mai neman aiki zai zo ya yi sana'arsa a kan teburin nan na minti ɗaya, waya ta ɗauki hannuwansa kaɗai. Babu fuska, babu suna, babu magana. Zobe ma sai an cire, da warwaro, da duk wani zare da zai nuna wurin ibadar da mutum ke zuwa. Lamba kawai ake ba shi. Mai kamfani ya kalli hannuwa ya zaɓi lamba, sai ɓangarorin biyu sun amince sannan su san juna. Ma'aikaci ba ya biyan ko rupi, kamfani ke biya. Yusuf Masih ne lamba ta ɗaya, cikin kwana uku aka ɗauke shi aiki.

Su kuma samarin zamani kamar jira suke yi. Mu a namu lokacin, ubanka zai kawo ka gaban ustad, wato gwanin da zai koya maka sana'a, da kwalin alewa, ka zauna shekara goma ko fiye. Ranar da ya ga ka nuna, ka kawo masa sabon rawani da alewa, shi kuma ya ba ka zarto na kanka, ya sa maka albarka gaban mutane. Wanda ya fita ba da wannan ba, ko a jana'iza kansa a sunkuye yake. Amma waɗannan? Wata shida a nan, wata huɗu a can. Yau yana koyon injin sassaƙa, gobe ya koma wurin masu buga lamba da haske. Ana cin roti da rana waya ta yi ƙara a aljihu, mutum ya leƙa, kai da kake zaune kusa da shi ba ka san ka yi asarar ma'aikaci ba.

Nazakat ne ya karya min zuciya. Shekara takwas yana hannuna, ban taɓa koyar da mai hannu irin nasa ba. Har zarto na saya masa, na sassaƙa sunansa a ƙota, na naɗe a ƙyalle na ɓoye a durowa, ina cewa in an ƙara shekara biyu. Wata Litinin bai zo ba. Saƙon murya ya turo min a waya. Saƙon murya, jama'a! "Ustad ji, ka yafe min, na samu wuri." Har da "ji" ɗin da muke ƙara wa babba don girmamawa. Ban ji ƙarshen saƙon ba na kife wayar. Kafin shekara ta zagayo sauran almajiraina biyu ma sun bi shi.

Na hau benen nan ina haki.

"Ke, 'yar Inayat! Ke ce mai kwashe wa mutane almajirai?"

Ta miƙe ta gyara mayafi. "Sannu da zuwa, Ustad ji. A kawo shayi?"

"Riƙe shayinki. Shekara takwas ina ɗura masa abin da na sani, ke kin ɗauke shi a minti ɗaya."

"Ban ɗauke shi ba, da ƙafarsa ya hau benen nan. Ya ce sau uku yana tambayarka yaushe za ka sallame shi, kana cewa baɗi."

"Da can haka ake yi!"

"Da can haka aka yi wa Yusuf ma," in ji ta.

Na zazzaga mata abin da ba zan maimaita ba. Abin da ya ƙara ƙona min rai, ko sau ɗaya ba ta kalli fuskata ba, hannuna da nake nuna ta da shi take bi da ido. Da na gama ta ce, "Ranar da ka ga dama, Ustad ji, ka zo min da hannuwan nan. Minti ɗaya kawai nake so."

"Sai dai ki ɗauki gawata," na ce, na sauko na yi rantsuwar da na faɗa muku.

Shekara huɗu shagona yana mutuwa a hankali. Manyan kamfanoni suka daina ba ƙananan shaguna aiki, ɗan wanda ake ba ni kuma ni kaɗai ba na gama shi a kan lokaci. Ƙarshe na rufe. Ɗana da ke Dubai ya riƙa bugowa yana cewa, "Abba ji, ka huta mana, me ka rasa?" Me na rasa! In tashi da asuba in yi salla, in zauna ina kallon hannuwana sun yi fari tas kamar na mai jinya. Matata Surayya ta ce tun da na zauna a gida ko kyanwar maƙwabta ta daina shigowa saboda faɗana. Sannan mai shagon ya ce yana son ɗakinsa, aka yi da mai gwangwan zai zo ranar Juma'a bayan salla ya kwance injin washina ya auna shi a kilo. Injin nan na ustad ɗina ne, Karam Din, shi ya bar min. In ya tafi, na san ba zan sake taɓa almakashi ba har in mutu. Kwana biyar suka rage min in sami wanda zai ba ni aiki.

Na bi ƙofofin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya. Mai gadin farko ya dubi gemuna ya ce, "Baba ji, masallaci yana can gaba." Na biyu ya ba ni kujera da ruwa, wanda ya fi zagi ciwo. Ranar Laraba na shiga wurin wanzami na ce ya rine min gemu da gashin baki baƙi wuluk. Na sa kwat ɗin ɗana a cikin zafin nan, na ɗauki hoto, na shirya takarduna a fayil. Alhamis da safe na miƙa wa wani mai gadi, ko karɓa bai yi ba.

"Mun daina karɓar takarda, Baba ji. Je ka wurin Baji Shagufta ka karɓi lamba." Baji, wato yaya, haka ake kiran 'yar mai shayi yanzu.

Na daɗe a tsaye a bakin titi, keke da babur suna kauce min. Wallahi na gwammace ƙasa ta tsage in shige. Amma na tuna injin, na juya na nufi lungunmu.

Inayat ya tsufa, amma yana nan a bakin tukunyarsa. Ya ƙanƙance ido ya ce, "Riasat, kai ne? Na zaci ƙaninka ne ya dawo daga Karachi." Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Ashe gumi ya narkar da rinin, ya gangaro min har wuyan riga. Na yi tsaki na hau bene.

Ban gane wurin ba. Ta haɗe saman benen gaba ɗaya. Ga keken ɗinkin safar hannu, ga teburin masu ɗinkin ƙwallo, ga injin washi sabo fil a lungu, ga samari da 'yan mata sun yi layi har matakala, kowa na latsa waya. Da ta hango ni ta taso. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tuna min da maganar gawa ba. Fayil ɗin da na miƙa mata ta ajiye gefe ba ta buɗe ba.

"Cire kwat ɗin, Ustad ji. Naɗe hannun riga. Zoben ma."

"Hoton fa? Rupi ɗari uku na biya."

"Ka kai wa Chachi Surayya, za ta so shi."

Ta ba ni almakashi ɗanye, wanda bai taɓa ganin dutse ba. Na zauna gaban injin. Da ƙarfe ya taɓa dutse, tartsatsi ya tashi, warin nan ya shiga hancina, sai na manta da ita, da wayarta, da layin da ke kallona. Na wasa baki ɗaya, na wasa ɗayan, na haɗa. Sannan na yi abin da nake yi ko yaushe ba tare da tunani ba: na ɗaga almakashin zuwa kunnena na rufe shi sau biyu, tsak, tsak. Ido yana ruɗin mutum, amma in akwai inda baki bai sumbaci ɗan'uwansa ba, kunne zai ji. Na ji ɗan kaushi kusa da tsini, na mayar kan dutse na shafa sau ɗaya, na yanka jiƙaƙƙen ƙyalle ya rabu kamar ba a taɓa saƙa shi ba.

Da na ɗago, sai na ga ta dafe baki da mayafi.

"Shekara uku nake jiran in ga wannan da idona," in ji ta. "Zo ka gani."

Ta zaunar da ni gaban wani babban allo, ta latsa. Allon ya cika da 'yan tagogi, kowace taga hannu biyu ne a kan dutsen washi. Baƙaƙe, farare, masu gashi, sirara, har da masu lalle, don ashe mata ma sun shiga sana'ar. Ina kallo sai hannuwan wata taga suka ɓace, suka yi sama inda waya ba ta ɗauka. Tsak, tsak. Suka dawo. Na kusa da su ma suka ɓace. Tsak, tsak. Can ƙasa, can gefe, ko'ina, har ɗakin ya cika da ƙarar kamar ana yayyafi a kan kwano.

"Ɗari biyu da goma sha ɗaya ne," in ji Shagufta. "Da farko haushi suke ba ni, ina cewa su daina fitar da hannu daga hoto. Sai masu kamfani suka fara bugo min suna cewa a ba su irin masu kaiwa kunnen nan, don su ba a dawo musu da kaya. Sai na riƙa tambayar kowa wa ya koya masa. Wannan ya ce wani ne da suka yi wata uku tare a hanyar Daska. Na nemo wancan, ya ce shi ma wani ne a wani kamfanin. Duk hanyar da na bi, Ustad ji, a kan mutum uku take ƙarewa, su ukun kuma daga shagonka suka fito."

Na sake ƙura wa allon ido. Wannan abu a wurin Ustad Karam Din na gan shi ina ɗan shekara goma sha bakwai, ban taɓa sanin wani abu ne ba.

"Ka ce sun gudu da iliminka," ta ci gaba. "Gaskiya ne, sun gudu da shi. Ga inda suka kai shi. Da sun zauna wuri ɗaya yadda kake so, da ku huɗu ne kuka iya a duk duniya."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, rinin ya ƙarasa wankewa. Ba kaina nake yi wa mamaki ba, ita nake yi wa. Hannuwa dubu nawa suka wuce ta gaban idonta, amma ta lura da daƙiƙa ukun da hannu ba ya ma cikin hoton, ta bi sawunsa har gida. Ni da na yi rayuwata a cikin sana'ar ban ga komai ba sai cin amana.

Da na goge fuska sai tsohon halin garinmu ya motsa min. Na rage murya.

"To, 'yata, tunda haka ne, ki ɗan sa min baki mana. Ki ce musu Ustad Riasat ne, ki ce kin san ni tun kina gindin tebur."

"A'a."

"Kalma ɗaya fa! Gobe za a kwance min inji."

"Na sani, Abba ya gaya min. Amma in na sa maka baki yau, na zama irin waɗanda suka naɗe samosa da takardar Yusuf. Lamba za ka samu kamar kowa. Ban san ko za a ɗauke ka ba, ba zan yi maka ƙarya ba."

Idonta ya ciko tana faɗa, amma ba ta janye ba. Ta rubuta min lamba a 'yar takarda, dubu tara da ɗari huɗu da shida. Na sauko ina jin haushinta, ina kuma jin ban taɓa ganin mutum irinta ba.

Juma'a da hantsi ina zaune a shagon ina shafa wa injin mai, ban san dalili ba, tunda kilo za a auna shi. Sai waya ta yi ƙara.

"Ustad ji, wurare biyar sun nemi lambarka. Amma babu mai son ya ɗauke ka dindindin. Kowa rana ɗaya yake so a sati, ka duba kayansu, ka gyara wa ma'aikata hannu."

"Yau nan, gobe can? Ni zan riƙa tsalle-tsalle kamar 'yan zamani?"

"Kamar su sak," ta ce, na ji tana danne dariya. "Na Litinin kuma ya ba da saƙo. Ya ce in tsohon injin yana nan kada a taɓa shi, zai turo mota. Ni ban faɗa masa komai ba. Cewa ya yi ya san yatsu ukun nan."

Da mai gwangwan ya iso bayan salla da sikelinsa, na saya masa shayi na sallame shi.

Litinin na buɗe durowa na ɗauki ƙunshin nan da ya shekara shida a ciki, na sa a aljihu. A ƙofar kamfanin sai ga Nazakat a tsaye, ya yi ƙiba, ya zama shugaban sashen washi. Hannunsa ɗaya riƙe da kwalin alewa, ɗayan farin rawani a naɗe. Ya kasa ɗago kai.

"Ustad ji, na makara."

"Ni na makara, ja'iri," na ce. Na zaro zarton na danƙa masa, na dafa kansa na sa masa albarka gaban mai gadi da duk masu shigowa aiki. Ya ga sunansa a ƙota, ya fashe da kuka, ƙaton mutum da shi. Sannan ya naɗa min rawanin ya shigar da ni ɗakin aiki. Mutum wajen arba'in ne a kan injuna, ban san ko ɗaya ba, ba wanda ya san ni. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon almakasai suna tashi zuwa kunnuwa.

Da aka tashi da la'asar na ɗauki rabin alewar na hau benen Shagufta. Na shirya jawabi tun a hanya, har da janye rantsuwata. Na tarar da ita a kan wata mata mai ɗinkin ƙwallo da ta zauna tana ɓoye fuska a mayafi.

"Cire warwaron, Baji," take ce mata. "Kada ki ji tsoro, ba wanda zai ga fuskarki. Yi abin da kika iya kawai."

Na ajiye kwalin a gefen tebur na gyara murya. Ba ta kalli rawanin ba, ba ta kalli fuskata ba. Hannuna ta duba, ƙurar ƙarfe ta sake cika layukansa baƙi ƙirin, har ƙarƙashin farce.

"Hannuwan nan sun koma aiki, Ustad mai yatsa uku," in ji ta, ta juya ta kunna wa matar fitila.